Yawuri: Garin Da Jirgin Ruwa Ne Motarsa

'Yar uwa, in dai iyakar ruwan da kika sani shi ne na kududdufin unguwa, to ranar da kika je Yawuri a Jihar Kebbi sai kin riƙe baki. Garin yana gefen Kogin Neja, wanda mutanen wurin ke kira Kwara, kuma da yawa daga mazauna tsibiran da ke cikinsa, wato Gungawa, ba su da wata mota sai jirgi. A jirgi ake zuwa kasuwa, a jirgi ake kai mai naƙuda asibiti, a jirgi ake kai amarya.

Bakin ruwan kuwa tasha ce sosai. Ga dogayen jiragen katako a jere, wasu da inji a bayansu, ga buhunan albasa da shinkafa, ga ƙamshin kifi ko'ina. Za ki ga mai jirgi a durƙushe yana cusa tsumma cikin tsagar katako, yaronsa kuma na kwashe ruwan da ya shigo da yankakkiyar jarka. Wannan aikin kullum ne, don jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo.

Abin da ya fi ba masu jirgi tsoro ba a ganinsa da ido. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har da tsohon garin Bussa. Kututturan itatuwan nan suna nan a ƙarƙashin ruwa, jirgi na gudu ya hau ɗaya sai ya tsage. Ga kainuwa mai naɗe farfelar inji, ga dorina, ga guguwar damina da ke tasowa ba sallama. Shi ya sa tsohon matuƙi ya fi sabon jirgi daraja, don shi ya san hanya.

Amma fa ba komai ne laifin ruwa ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zai je kasuwar Wara, kudu da Yawuri, da mutum fiye da 150 a ciki, ga kaya. Lodi ya fi ƙarfinsa, ya dare a tsakiyar ruwa. Kaɗan ne ƙwarai suka fita da rai, kuma akwai mata da yara da yawa cikin waɗanda suka rasu.

In irin haka ta faru, masu jirgi da masunta ne ke fara isa wurin kafin kowace hukuma. Su bar sana'arsu, gwanayen ninƙaya su yi ta nutso, wani lokaci kwana da kwanaki ana nema. Mai jirgin kuwa, in ya tsira, ya rasa jarinsa, ga kallon iyalan mamata da zai yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa, don yawanci 'yan garinsu ne.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare da lodin wuce ƙima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Sai dai ranar kasuwa kowa sauri yake, mai jirgi na lissafin kuɗin mai, fasinja na cewa "a ɗan matsa mini".

To ni dai shawarata, in tafiya ta kai ki can, dubi gefen jirgin kafin ki shiga. In kika ga ruwa ya kusa bakinsa, ki koma ki jira na gaba, ko da ƙawayenki za su yi miki dariya. Ki nemi rigar kariya, kada kunya ta hana ki ɗaura ta a kan kwalliyarki. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Allah ya kiyaye hanya, amin.