Hanyar Iskar Gas A Cikin Matsattsen Dutse

Dutsen yashi asalinsa rairayi ne wanda ya daɗe a binne, nauyin ƙasa ya danne shi har ya daskare. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai 'yan ƙofofi, a cikinsu iskar gas take taruwa. A wani dutsen ƙofofin a haɗe suke, da an haƙa rijiya sai iskar ta taso da kanta. A wani kuwa yumɓu da ma'adinai sun tsuke mashigan, har silin gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Ga dukiya jibge, amma mafita ta gagara.

A 1856 wani injiniya Bafaranshe, Henry Darcy, ya yi gwaji da ruwa da yashi a birnin Dijon. Ya nuna cewa gudun ruwa gwargwadon matsin da ke tura shi ne, da yalwar mashigai. Da sunansa ake awon sauƙin ratsa dutse har wa yau. A Amurka, dutsen da bai wuce kashi 1 cikin 10,000 na awon Darcy guda ba, shi ake kira matsattse.

To, ina dabara? Amurkawa sun gwada ƙarfi. A 1967 suka tayar da bom ɗin nukiliya ƙarƙashin ƙasa a jihar New Mexico, a 1969 suka sake a Colorado. Dutse ya farfashe, iska ta ƙaru, amma ta gauraya da gubar nukiliya, ba ta sayu ba.

Dabarar da ta ɗore a Kansas aka fara gwada ta, a 1947. A yau ruwa ake turawa cikin rijiya da matsi mai tsanani har dutse ya tsage, yashin da aka zuba a ruwan ya tokare tsagar kada ta rufe.

Amma fa tsaga babbar hanya ce kurum. Iskar da ke bakinta takan fito a guje, ta nesa kuwa sai ta rarrafo ƙofa bayan ƙofa. Saboda haka rijiya takan yi ambaliya da fari, sa'an nan ta ja baya, ta yi shekaru tana tsiyaya kaɗan kaɗan. Wanda ya ci bashi bisa lissafin shekarar fari, dutse ba zai yi sauri dominsa ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.