Raket ɗin da ya yi daidai da hannu

A ƙwallon tebur, ɗan koyo ba ya asarar kuɗi, don duk abin da aka miƙa masa da shi zai buga. Gwani kuma ya san abin da yake nema. Na tsakiya shi ne abin tausayi: ya iya mayar da ƙwallo sau goma ba ta faɗi ba, ya fara sa mata juyi, sai zuciya ta raya masa cewa raket ne kawai ya hana shi zama zakara. A wannan matakin nike, ni da samari biyar na garinmu, Korahane.

Teburinmu kafinta ya haɗa shi, ragar kuwa tsohon gidan sauro ce. Shekara uku muna bugawa da irin raket ɗin nan na kasuwar Maraɗi, mai zuwa da robarsa a manne, wanda bayan wata biyu yake yin santsi kamar bayan faranti. Bana bayan kaka, samarin suka tara kuɗin ƙwadago suka damƙa mini ranar da zan koma Yamai. Ƙanena ya ce: "Yaya, irin na Aruna za ka saya mana." Sun kalli Quadri Aruna a waya, ɗan Najeriyar da ya kayar da Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga sahun takwas na ƙarshe. Ban sayo irin nasa ba, ga kuma dalilina.

Mu fara da katako. Dokar wasa ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurinsa ya zama icce na gaske. A ɗan abin da ya rage ne kamfanoni ke cusa zaren kabon don ƙara gudu. Katako mai kabon yana da tauri, ƙwallo na taɓa shi ta tashi. Gwani haka yake so, don hannunsa ya riga ya san hanya. Mu kuwa har yanzu hannunmu tambaya yake. Katako zalla mai falle biyar yana ɗan lanƙwasawa, ya riƙe ƙwallo ƙiftawar ido, ya aiko da girgiza cikin tafin hannu. Girgizar nan ita ce malamin: ita ke gaya maka a tsakiya ka buga ko a gefe. Wanda bai gama iya zaman sirdi ba, ba a ɗora shi a kan ingarma. Shi ya sa na nemi katako mai alamar ALL, ajin Stiga Allround Classic, na bar masu alamar OFF ga masu ita.

Sai roba. Hawa biyu ce: fatar sama da soso a ƙarƙashi, kuma su biyun ba za su wuce milimita 4.05 ba. In soso ya yi kauri, gudu da juyi sun ƙaru, sarrafawa ta ragu. Ga irinmu, 1.8 ko 2.0 ya wadatar. Tenergy 05 da ta fito a 2008 ita ce kowa ke mafarki, amma kuɗin guda biyu ya wuce na buhun hatsi, kuma tana cilla ƙwallo tun kafin ka gama shawara. Tsofaffin hannu irin Sriver ta 1967 da Mark V ta 1969 har yau ana yin su, don ba su ƙara wa bugu abin da hannu bai sa ba.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jikin kwali ba, wato ƙasarmu. Robar Sin mai danƙo, irin 729 ko Hurricane 3, tana da sauƙin kuɗi kuma tana kama ƙwallo sosai. Amma danƙon da ke kama ƙwallo shi ke kama ƙura. A fili muke bugawa, kuma kowa ya san iskar hunturu a ƙasar Dakoro. Kafin a gama zagaye ɗaya robar ta yi furfura, sai a tsaya gogewa. Saboda haka na zaɓi roba marar danƙo mai matsakaicin taushi, iri ɗaya gaba da baya, ja da baƙa. In ɗaya ta fara cinyewa sai a juya raket, su tsufa tare.

Abin da ya fi ba ni dariya, a matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, shi ne lambobin da ke jikin kwalaye: gudu 9, juyi 8, sarrafawa 10. A aji an koya mana cewa kalma ba ta da daraja sai a cikin tsarin da take. Ka ce "dala" a kasuwar Dakoro, tamma biyar kake nufi. Ka faɗe ta a Kano, wani zai nuna maka dutse, wani ya zaci kuɗin Amurka. To haka 9 ɗin wannan kamfani ba 9 ɗin wancan ba ne. Kowa da ma'auninsa, kuma babu mai rubuta wa kayansa 3. In kana da hali, ka ari na aboki ka buga minti goma. Hannu ya fi kwali gaskiya.

Ƴan uwa, in kun samu raket, ku riƙe shi da kyau. Kada a manna roba da sholisho na masu faci. Tun 2008 aka hana irin wannan gam a gasa, na ruwa ake amfani da shi. Kada a bar raket a rana ko a ƙarƙashin kwanon ɗaki da azahar, zafi na busar da roba ta tsage. A goge ta da ɗan ruwa bayan wasa, a rufe da leda. Katako mai kyau yana shekaru, roba kawai ake canzawa.

Kuɗin ya isa raket biyu, da canjin da muka sayi ƙwallaye. Da saƙon ya isa Korahane, ƙanena ya kira ni, ya ce: "Yaya, wanga ai ba ya gudu." Na ce masa ya ƙirga mini sau nawa ƙwallo ke sauka a kan tebur yanzu, ranar da ya kai talatin a jere ba kuskure sai mu yi maganar kabon. Makon jiya ya aiko cewa ya kai sha bakwai.