Kada Ku Yar da Tsohuwar Tocila

A wannan makon zan yi magana ne a kan wani kaya da kusan kowane gida a Mafara, Bakura da Maradun ke da shi a ƙarƙashin gado ko cikin tsohuwar adaka: doguwar tocilan ƙarfe mai cin manyan batura biyu, uku ko huɗu. Yawancinmu mun jingine ta saboda haskenta ya koma ja kamar na aci-bal-bal, mun koma sayen 'yan caji na roba waɗanda ba sa kai shekara. Ni kuwa tocilan da na gada wurin mahaifina ita nake fita da ita gona har yau, kuma haskenta ya fi na ranar da ya saye ta.

Wanda bai san yankinmu ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Tun da aka kammala dam ɗin Bakolori a 1978, noman rani ya zama rayuwar ƙananan hukumomin nan uku, kuma duk mai shinkafa ya san wani lokaci sai dare ruwa ke isowa gonarsa. A bakin kwata akwai kububuwa, akwai kunama. A cikin gari kuma, in wuta ta ɗauke, mai naƙuda da mai jinya da ɗan sintiri duk tocila suke nema. A irin wannan lokacin, tocilan da za ta mutu a hannunka ta fi rashinta muni, domin ka riga ka dogara da ita.

Abin da na fahimta shi ne gangar jikin tsohuwar tocila ba ta tsufa. Abubuwa uku ne ke gajiya: mahaɗan wuta, ƙwai, da batir. A bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda ba ya cin ko sisi.

Na farko, tsatsa. Kwance murfin gindi ka dubi sifirin, da ɗan ƙarfen da ke taɓa ƙwai, da makunni. Batir in ya daɗe a ciki yakan yi yoyo, ya bar wani farin gari ko kore, wanda ke tare wuta kamar yadda ciyawa ke tare ruwa a kwata. Goge su da sanfefa mai laushi har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka ɗan ja sifirin ya miƙe. Gilashin gaba a wanke shi, in ya fashe mai yankan gilashi zai fitar maka da wani. Amma ƙoƙon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai, kada a dirje shi da tsumma. Fentinsa ba shi da kauri ko kaɗan, hure ƙurar kawai ya isa. Da wannan kaɗai na ga tocilan wani maƙwabcina ta farfaɗo.

Na biyu, ƙwai, kuma nan ne babban sauyin yake. Tsohon ƙwai mai zare yana ƙona kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha a matsayin zafi, ɗan abin da ya rage ne haske. Ƙwan LED kuwa yana ba da haske ninkin-ba-ninkin da wuta kaɗan. Ba ƙaramin abu ba ne: masana uku 'yan asalin Japan sun karɓi kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin LED, wanda daga gare shi aka samu farin da muke gani a fitilun yau. Ana yin ƙwan LED mai gindi irin na tsohon ƙwan tocila, a cire wancan a saka wannan. Tafi da tsohon ƙwanka wurin masu kayan lantarki ranar kasuwar Talata ko a Gusau, a gwada gindin. Ka kuma lura da ƙarfin wuta: kowane babban batir bolt 1.5 ne, saboda haka mai biyu bolt 3 ce, mai uku 4.5, mai huɗu 6. Sannan LED yana da gaba da baya. In ka saka bai kama ba, kada ka ce jabu ne, juya baturan tukuna.

In ba a samu irin wannan ƙwan ba, akwai hanyar da na bi. Matacciyar tocilan caji, galibi batirinta ne ya mutu, ƙwanta lafiya lau. Na kai tawa wurin wani mai gyaran rediyo, ya ciro ƙwan tare da ɗan allonsa ya dasa a kan ta ƙarfen. Abin da na biya bai kai kuɗin sabuwa ba.

Na uku, batir. Mai son ya huta da sayen batura yana iya neman na lithium mai lamba 18650, irin wanda ake samu a cikin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. Ƙarfinsa bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2, don haka guda ɗaya yana maye gurbin manya uku. Siriri ne, sai an zura shi cikin guntun bututun roba, an cike tazarar da ƙarfe. Sai dai ba ya son wasa. A yi cajinsa da cajar da aka yi dominsa, kada a bar shi a rana, kuma wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage a rabu da shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Akwai jan kunnen da ya fi shafarmu mu Zamfarawa. Da yawa daga cikin tocilan caji masu arha batirinsu na dalma ne, ita ma wayar like ta masu gyara takan ƙunshi dalma. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga aikin zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kada mu fasa batir a tsakar gida, kada mu ba yara su yi wasa da shi, a kuma wanke hannu kafin a ci abinci.

Sai magana ta ƙarshe, wadda duk mun san dalilinta. A halin tsaron da muke ciki, haske mai ƙarfi yana nuna maka hanya, yana kuma nuna wa na nesa inda kake. A dawa a haska ƙasa, a taƙaita, kuma kada a dallare fuskar jami'an tsaro ko 'yan sintiri da shi.

Duk wanda ke da irin wannan tocila, ya ciro ta a makon nan ya gwada matakin farko, ya faɗa mana abin da ya gani. Masu gyaran rediyo da ke cikinmu kuma, ku ƙara mana da abin da kuka sani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a amfanin gonarmu.