Gida Ɗaya Mai Ɗakuna, Ko Gidaje Barkatai?

Ya mai karatu, tambayar da ke sama kan kwamfuta na yi ta, kuma asara ce ta koya mini ita. A shekarar 2024 na yi wata uku ina yawo tsakanin Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da aka kafa a 1916, da kasuwar Shasha da ke ƙaramar hukumar Akinyele, ina ɗaukar muryoyin dattawa domin aikin kundina. Tun da ba da Hausa na tashi ba, nakan saurari hira guda sau biyar kafin in kama karin maganar da ke cikinta.

Wani yayana na unguwa, mai shagon kwamfuta, shi ya karɓi ajiyar. Yana da babbar na'ura guda da ake kira saba, wadda ya raba faifan ajiyarta gida uku: na lissafin shago, na takardun masu hulɗa da shi, da kuma nawa. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, faifan ya ƙone, kashi ukun nan suka tafi tare. A ciki har da hirar wani tsohon dillalin shanu wanda Allah Ya yi wa rasuwa bayan wata guda.

Na ce masa, "Yaya, me ya hana ka sayen ƙananan na'urori uku?" Ya ce, "Ƙanena, kowace ɗaya wuta take sha, ga janareta, ga kuɗin fetur tun da aka janye tallafi a 2023." Gaskiyarsa ce. Ƙanana da yawa ba sa mutuwa rana ɗaya, amma ɗawainiyarsu ta ninka.

Daga baya na koyi hanya ta uku, wato a sa manhaja irin su VMware ko VirtualBox ta mai da na'ura ɗaya tamkar kwamfutoci da yawa, kowacce da tsarinta. Dabarar tsohuwa ce, domin kamfanin IBM ya fito da irinta tun 1972. Tana kama da gidan fatoma a Sabo: kowane baƙo da ɗakinsa da makullinsa, rigimar ɗaya ba ta shiga ɗakin wani, amma in rufi ya kama wuta kowa ya shafa. Fifikonta shi ne ana iya kwafe ɗakin ɗungurungum, a tayar da shi a wata na'urar.

Ko manya ba su tsira ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiya ta kamfanin OVH a Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka tafka asara.

Saboda haka 'yan'uwana ɗalibai, gemuna ya riga ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Duk abin da kuka ɗauko daga bakin dattijo, ku kwafe shi wuri biyu kafin ku kwanta. Allah Ya jiƙan wanda ya riga mu.