Yadda katin makarantata ya kwana biyu a shagon mai gem

1/ Jama'a ku matso kusa. Yau zan ba ku labarin yadda na kusa rasa jarrabawa saboda faifan gem ɗin da ba ma nawa ba. Zaren na da ɗan tsawo, mai shayi ya haɗa tun yanzu 🧵

2/ Sai na faro daga asarar da ta jawo komai. Ina aji biyu na sayi PS4 Slim ta hannu, da kuɗin da na tara a hutu ina taya yayana tsaron shago. Ta zo da hannu biyu da faifan ƙwallo guda ɗaya. Wata uku ina buga ƙwallon nan har na haddace maganar mai sharhi.

3/ Sai na ga tallar wani wasan harbe-harbe a YouTube. Ba zan kama suna ba, don laifin nawa ne. Na kalli tallar ta fi sau goma. Ranar da kuɗin abincina na wata ya shigo, ko masauki ban koma ba, na wuce kasuwa na ƙirga Naira 28,000 na miƙa.

4/ Na dawo ina rawar jiki na zura faifai. Sai allo ya ce wai sai na sauke ƙarin kaya daga intanet kafin ya buɗe, giga sama da 60. Ni da nake sayen giga 2 ina lallaɓa ta kamar jinjiri. Da na bincika kuma sai na gano rabin daɗin wasan a kan layi yake, shi ma sai ka biya kuɗin rajista na wata-wata.

5/ Washegari na mayar. Mai shagon ya ce, “Ƙanena, kaya in ya fita ya fita. In kana so in karɓa a 15,000.” Ban ga laifinsa ba, ni ne ban tambayi komai ba kafin in biya. Na karɓa ina murmushin yaƙe.

6/ Sati uku garin kwaki da ƙuli ne abokan hirata. Umma ta kira ta ce, “Kana dai cin abinci ko?” Na ce, “Sosai ma Umma.” Har yau ba ta san wannan labarin ba, don haka wanda ya san gidanmu ya rufa min asiri don Allah 😭

7/ Abokin ɗakina ne ya gaji da tsakina ya ce, “Kai wa ya ce maka ana sayen gem ba a ɗanɗana ba? Ko mai tsire ai yana ba ka ɗan yanki.” Ya kai ni wajen wani bawan Allah mai gidan gem a bayan makaranta. Ashe ban da buga ƙwallo a shagonsa, yana ba da hayar faifai.

8/ Tsarinsa: Naira 1,500 daga Juma'a zuwa Litinin. Ka duba bayan faifan a gabansa, shi ma ya duba. In ka dawo da shi da karce, ka saya ke nan. Sannan ka bar jingina, ko kuɗi ko katin shaidar makaranta. Ku riƙe maganar katin nan, za mu dawo kanta.

9/ Abin ya tuna min da yarinta, lokacin da ake aikenmu hayar faifan fim ɗin Hausa ko na Indiya a bakin layi, a ce a dawo da shi gobe kafin la'asar. Ba mu taɓa tunanin sayen fim ba. Ban san yadda aka yi da na girma na ɗauka gem dole sai an mallaka ba.

10/ Na farko da na ɗauka Elden Ring ne. Kowa na yabonsa, shi ya ci kyautar gem ɗin shekara a 2022, kuma da kuɗi na hannuna da tuni na saya. Fitowata fili ke nan na ga wani jarumi a kan doki sanye da sulken zinare. Na ce bari in gaisa da shi. Sara biyu ya yi min.

11/ Na daure na kai wajen Margit, mai gadin hanyar shiga fadar Stormveil. Na daina ƙirga mutuwata bayan ta 20. Kuma wasan ba shi da maɓallin dakatarwa irin na sauran. Ana kiran sallah, ko abokinka na buga ƙofa, dodo bai san wannan ba.

12/ Wasan ya haɗu, wannan ba musu. Amma yana son mutum mai natsuwa da wutar da ba ta yanke masa hanzari a tsakiyar faɗa. Ni ba ni da ko ɗaya. Ranar Litinin na mayar da shi, na yi asarar 1,500 ina dariya, don na san abin da na tsallake.

13/ God of War na 2018 kuwa haya biyu na yi na kai ƙarshen labarin Kratos da ɗansa Atreus. Ya yi min daɗi ƙwarai, amma da na gama ban ji ina son sake farawa ba. Naira 3,000 ta gama zance. Da saye na yi da yanzu yana cikin akwati yana shan ƙura.

14/ Sai Red Dead Redemption 2. A nan labarin yake.

15/ Faifai biyu ne a kwalin, ɗaya na zuba wasan a cikin na'ura, ɗaya na bugawa. Yana cin wuri kusan giga 100, sai da na goge wasu abubuwa. Daren Juma'a gaba ɗaya a jiran zubawa ya tafi, aka ɗauke wuta sau ɗaya a tsakiya, na sake lale.

16/ Da ya buɗe kuma sai ga ni a cikin dusar ƙanƙara, shekarar 1899, ina bin wasu 'yan fashi da suka gudo kan dutse. Doki na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Arthur Morgan in zai buɗe aljihun tebur sai ya ɗauki lokacinsa kamar tsohon da ke neman tabarau. Awa biyun farko hamma kawai nake.

17/ Wannan ya sa nake jinjina tsarin Steam na masu buga gem a kwamfuta. Suna mayar maka da kuɗinka in ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Tsari ne mai kyau. Amma da awa 2 aka ba ni a kan wannan wasan, wallahi da na ce a ba ni kuɗina.

18/ Don na riga na biya hayar kwana uku ne na ci gaba. Asabar da rana muka sauko daga dutsen, ƙanƙara ta ƙare, gari ya buɗe. Na shiga Valentine, na yi faɗa a cikin taɓo, na fara shafa wuyan dokina ina ba shi abinci ba wanda ya sa ni. Kafin magariba na san wannan sai na mallake shi.

19/ Matsalar ita ce ranar Litinin ƙarfe 8 na safe ina da jarrabawa. Kuma a makarantarmu ba kati ba shiga, ko kai ɗan waye. Katina kuwa yana cikin durowar mai gem, an ɗaure shi da roba tare da na wasu.

20/ Lissafina mai sauƙi ne: Lahadi da yamma in mayar da faifai, in karɓi kati, in yi karatu da dare. Ƙarfe 7 na ce bari in ƙarasa aiki ɗaya. Ƙarfe 8 na ce ɗaya kuma. Wajen 9 saura sai muka ji ƙara daga bakin titi, unguwa ta yi ɗif. Taransifoma ta buga.

21/ Faifai na cikin na'ura. PS4 kuwa ba ta tofo faifai in ba wuta. Na danna maɓallin ya fi sau 30 kamar zai ji tausayina. Maƙwabcinmu mai janareta ya ce ba mai. Shagon gem ƙarfe 10 yake rufewa.

22/ Na san me za ku ce: me ya hana ka ɗauki na'urar gaba ɗaya ka kai wajen mai cajin waya, ko ma shagon da kansa, tunda yana da janareta? Wallahi tallahi bai zo min a kai ba. Sai washegari abokina ya tambaye ni, na rasa bakin magana. Tsoro na toshe ƙwaƙwalwa.

23/ Abin da na yi shi ne bincike da wayata mai caji kashi 9. Ashe akwai hanyar fito da faifai da hannu. A Slim, ka cire duk wayoyi, ka kifa ta, akwai ɗan rami a ƙasanta. Ka zura siririn sukundireba ka riƙa juyawa a hankali, faifan zai leƙo da kansa. Ku ajiye wannan, wata rana zai yi muku rana.

24/ Sukundireban gyaran tabarau na wani ɗan ɗakin kusa muka ara. Abokina na haska min, hannuna na rawa, ina tuna dokar karce. Da bakin faifan ya leƙo na kama shi da gefen riga kamar ƙwai.

25/ Na isa shago 10 da kwata. A rufe. Na kira lambarsa, sai a kira na uku ya ɗauka. Na ce, “Yallaɓai don girman Allah, gobe ƙarfe 8 nake da jarrabawa.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ku 'yan makaranta ba ku da dama. Tsaya nan.”

26/ Ya dawo a kan babur da jallabiyar barci, ya buɗe shago, ya haska bayan faifan da fitilar waya. Lafiya lau. Ya buɗe kwali zai mayar, sai ya ɗago ya kalle ni. “Ina ɗayan?” Faifan zubawa. Na bar shi a kan katifa.

27/ Na fara haɗa rantsuwa, ya ɗaga min hannu. Ya zaro katina daga cikin robar ya miƙo min. “Je ka rubuta jarrabawarka, gobe ka kawo min. In ka gudu da shi kai da Allah.” Ban taɓa jin kunya da godiya sun haɗu min a wuri ɗaya kamar daren nan ba.

28/ Jarrabawar dai C na samu, kuma ban isa in ɗora wa kowa ba. Ina fitowa na kai masa faifansa. Tun daga ranar kuɗi nake bari jingina, kuma satin jarrabawa ko ƙofar shagon ba na kallo.

29/ Bayan wata biyu na sayi wasan a wajensa, wancan kwalin dai da na yi haya, ya yi min ragi. Abin daɗin shi ne ajiyar wasa a cikin na'urarka take zama, faifai ba ya tafiya da ita. Ina zura shi na tarar da dokina a inda na ɗaure shi.

30/ Yanzu kafin in biya kuɗin kowane gem sai ya kwana a ɗakina. Ina duba ko zai buɗe ba intanet, nawa zai ci a wuri, in an ɗauke wuta daga ina zan ci gaba, sannan in na ajiye hannu ko zuciyata na komawa kansa. Tallar YouTube ba ta taɓa amsa min ko ɗaya daga ciki ba.

31/ Faifaina sun kai biyar yanzu, har 'yan ɓangarenmu sun fara zuwa haya a wajena. Jiya wani ɗan aji ɗaya ya ɗauki Red Dead, ya zaro katin makarantarsa zai ba ni. Na tambaye shi yaushe zai fara jarrabawa. Ya ce Litinin. Na ce mayar da katinka aljihu, kawo cajar wayarka.