Haramar Barin Njamena

In Allah Ya kai mu ƙarshen watan Yuni zan bar Njamena in koma Kano, bayan shekara tara ina koyarwa a ƙasar Chadi. Na riga na sanar da makarantar da nake aiki, na kuma gaya wa mai gidan da nake haya a unguwar Goudji. Tun da maganar ta fita, tambaya iri biyu nake sha. 'Yan gida in sun bugo waya sai su ce, "Yaushe za ka iso?" Maƙwabta a nan kuwa cewa suke yi, "To Malam, wa za ka bar wa ajin dare?" Ta farko amsarta tana hannun Allah da direba. Ta biyun ce take hana ni barci.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan rediyo ne. Difloma na yi a aikin jarida, na kuma yi 'yan shekaru ina gabatar da shirye-shirye a wata tasha a Kano. A 2016, da tattalin arzikin Nijeriya ya shiga wani hali, albashi ya fara tsallake wata. Ana cikin haka wani aminin mahaifina mai fatauci tsakanin Maiduguri da Njamena ya ce wata makaranta mai zaman kanta tana neman malamin Ingilishi. Faransanci da Larabci su ne harsunan hukuma a Chadi, amma iyaye da yawa suna son 'ya'yansu su iya Ingilishi saboda aikin kamfanonin mai da ƙungiyoyin agaji. Na ce wa mahaifiyata shekara biyu zan yi. Yanzu girma ya kama ta, an kuma sake kirana aikin rediyo, shi ya sa na ɗaura niyyar komawa.

Abin da ya shafi kaya bai ba ni wuya ba. Babur na sayar, firji da faifan sola wani malami da muke aiki tare ya ɗauka zai biya sau uku, randa da tabarmi kuwa na maƙwabta ne. Ciniki a nan da riyal ake yi, kuma riyal ɗaya sefa biyar ce, kamar yadda mutanen Nijar suke lissafi da dala. In mai kanti ya ce maka "miya", ba ta kuka yake nufi ba, riyal ɗari yake nufi, wato sefa 500. Sefar ma ta Afirka ta Tsakiya ce, daban da wadda ake kashewa a Maraɗi ko Damagaram, ko da yake darajarsu ɗaya. Tun da naira ta faɗi a 2023, ɗan abin da na tara in an canza shi sai ya yi kauri a ido, har sai mutum ya tambayi kuɗin buhun shinkafa da na haya a Kano, sannan jikinsa ya yi sanyi.

Hanya ma sai da muka zauna shawara da uwargida. Duk ta inda za a bi, sai an haye gadar Ngeli an shiga Kusuri ta ƙasar Kamaru. Daga nan gajeriyar hanya ita ce ta Fotokol da Gamboru Ngala da Dikwa zuwa Maiduguri, wadda rikicin Boko Haram ya sa aka daɗe ana bin ta da rakiyar sojoji. Doguwar kuwa sai an gangara Marwa da Garwa a ɓullo ta Yola. Mai iyali ba ya gaggawa, doguwar muka zaɓa.

Wannan hanya ta Kano zuwa Maiduguri zuwa nan, tsohuwar hanyar Hausawa ce, kuma sai an san tarihinta za a gane mutanen da nake shirin bari. An kafa garin nan a 1900, bayan yaƙin Kusuri inda Rabe da kwamandan Faransa Lami suka mutu rana guda, aka sa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena, sunan da ake fassarawa da wurin hutawa. Ga kakanninmu kuwa zango ne na gaske. Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyata da ƙafa ko a bayan jaki, daga baya a kan manyan motoci, suke ratsowa ta nan su nufi Abeshe da Adre, su shiga Sudan, su kai bakin Bahar Maliya. Wasu kuma hijira ce ta fito da su bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan. Tafiyar takan ɗauki shekaru. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma, ko ɗinki, ko fawa, ko a kafa makarantar allo, a tara abin gaba. Da yawa a nan suka yi aure, suka haifa, aka binne su.

Akwai wani dattijo a layinmu da nake kira Baba. Kakansa daga ƙasar Katsina ya taso da niyyar Makka. Ranar da na je gaya masa zan tafi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, kai ka cika alkawarin da ka yi wa gyatumarka. Mu har yau a kan hanya muke." Muka yi dariya, amma na fita daga zauren nan jikina a mace. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, sai ga shi na zauna cikin mutanen da raɓarsu ta shekara ɗari ba ta bushe ba.

'Ya'ya da jikokin irin su Baba su ne 'yan ajin daren. Ga yadda abin ya faro. Daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, wata goma sha shida ke nan. Da aka buɗe, saƙonni suka yi ta kwararowa daga dangi na Kano da Maraɗi da Sudan. Wani matashi tela da nake kai wa ɗinki ya miƙo min wayarsa ya ce in karanta masa. Yana jin Hausa, ya yi makarantar Faransanci, yana kuma karanta ajami daidai gwargwado, amma rubutun bokon Hausa yana sa shi tuntuɓe. Da na duba amsoshin da yake turawa sai na ga matsalar. Da ƙa'idar Faransanci yake rubutu: kuɗi ya zama "koudi", jiya ta zama "djiya", ci ya zama "tchi", shayi ya zama "chayi". Haruffa masu ƙugiya kuwa bai taɓa ganinsu ba, don haka baki da baƙi duk ɗaya ne a wurinsa, haka ma bari da ɓari.

Muka fara mu biyu a shagonsa bayan sallar isha'i. Kafin azumi ya zagayo mun kai mutum goma sha biyar a ƙarƙashin rumfa, akwai mahauta, akwai 'yan kilando, wato 'yan acaɓan nan garin, akwai wani ladan. Uwargida ita ma ta buɗe na mata a tsakar gida bayan la'asar. Ba a biyan ko riyal, kowa dai yakan kawo abin da ya samu na alli da shayi. Annobar korona ta 2020 ta dakatar da mu, haka ma makonnin zaman ɗar-ɗar bayan rasuwar Shugaba Idris Debi a Afrilun 2021, amma kowane lokaci su ne suke zuwa su ƙwanƙwasa min ƙofa su ce a koma.

Makarantar da nake aikin rana ba ta damuna. Tana da hukuma da manhaja da albashi, kafin Oktoba za a samo wani malamin, ya ci gaba da ba da maki a kan ashirin kamar yadda na saba. Ajin dare kuwa ba shi da takarda ko ɗaya. Irinsa in mai shi ya tashi, sati uku ya isa a naɗe tabarma. Kuma ina ganin abin da ke faruwa a gidaje: kaka tana magana da Hausa, jika yana amsa mata da Larabcin Chadi, domin shi ne harshen kasuwa da filin ƙwallo. Ban ga laifin yaran ba, ni ma da shi nake cefane. Amma harshen da ba a rubuta shi, ba a kuma karanta komai da shi, a tsakar gida yake tsufa tare da tsofaffi.

Saboda haka tun watan Janairu na bar tsayawa a gaban allo. Telan nan shi ke koyarwa, ni ina zaune a baya kamar baƙo. Daren farko hannunsa rawa yake yi, wani mahauci da ya girme shi ya ce shi ba zai ɗauki karatu wurin yaron da aka haifa a gabansa ba. Baba ne ya kashe maganar, ya aiko aka ce a gaya masa ilimi ba ya duba furfura. Na rubuta darussa arba'in a babban littafi, daga baƙaƙe da wasula har zuwa yadda ake rubuta wasiƙa, na yi kwafi uku don kada ruwa ko gara su cinye aikin a dare ɗaya. Na sa wa kowa allon rubutu mai ƙugiya a wayarsa. Littattafaina na Hausa duka zan bar musu, har da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda suka zagaya hannu har bangonsu ya fita. Ajin mata kuma 'yar maƙwabcinmu da ta gama sakandare bara ta karɓa.

Akwai wadda tafiyar ta fi shafa fiye da kowa, ita ce 'yata. A nan aka haife ta a 2018, bana take gama ajin farko na firamare, wanda ake kira CP1. Da Faransanci take ƙirga, da Larabci take faɗa da ƙawaye, zoɓo a bakinta karkanji ne. Da muka ce mata za mu koma gida, sai ta ce, "Abba, nan ina ne?" Ni gida zan koma, ita kuwa baƙunta za ta fara, za ta shiga aji a Kano inda da Ingilishi ake karatu. Mun fara yi mata darasi da safe, na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan bari Faransancinta da Larabcinta su zube ba, don su ne gadonta na wannan gari.

Saura mako shida. Na biya mai kanti da mai ruwa, na karɓi takardar shaidar aiki, abin da ya rage shi ne bi gida-gida ana sallama, tun da zumunta a ƙafa take. Ina da roƙo ɗaya ga masu karatu, musamman direbobi da fatake masu bin hanyar Kusuri, da marubutan da ke da ragowar littattafai a ɗaki. Littafin Hausa yana da wuyar samu a Njamena. Wanda Allah Ya hore wa, ya sa ko guda biyu a cikin kaya. In ya iso Goudji, ya tambayi inda ake karatun Hausa bayan isha'i, yara za su raka shi har rumfar.