Tabon Gira

Akwai tabo a girata ta hagu. Abokan aikina a Abuja sun ɗauka haɗarin babur ne, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Ƙotar fartanya ce. Wanda ya maka min ita ɗan maƙwabcin gonarmu ne, a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, muna 'yan shekara goma sha biyar.

Faɗan gadonsa muka yi. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga sai ya bi ta gonarsu kafin ya iso tamu. Idan rani ya tsananta, mahaifinsa ya tare shi da buhun ƙasa, Baba kuma ya tura ni da daddare in buɗe. Shi ma an turo shi gadi. Rani uku muka yi muna kokawa cikin laka, babu wanda ke neman agaji. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni nake roƙon Baba ya tura ni. A lokacin na ɗauka ƙiyayya ce ke hana ni barci.

Na tafi jami'a, na karanci kimiyyar kwamfuta, na koma rubuta manhaja. Shi ya tsaya gona.

Bara Baba ya rasu. A zaman makoki Inna take gaya min cewa tun da ƙafar Baba ta ƙi, yaron nan ne ke ba tumatirinmu ruwa kafin ya ba nasa, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ranar sadakar uku ya ɗauke ni a babur muka je gonar. Ya nuna min inda kainuwa ta toshe hanyar ruwa, ya yi lissafin taki. Can sai ya juyo, ya ɗora babban yatsansa a kan tabon.

"Ɗan boko, ashe yana nan."

"Ina zai je?" na ce.

Bai janye hannun da wuri ba. Ni ma ban ja baya ba.

Na san inda nake. Na san dokar 2014 da ɗaurin da ke cikinta, na san Hisbah. Amma a wannan yammacin ba su na tuna ba. Matarsa na tuna, wadda ta aiko mana da tuwo kwana uku a jere, da 'ya'yansa da ke ce min Baffa, da Inna.

Ƙannena sun so a sayar da gonar a raba kuɗin. Na hana, na ce ƙasa ba ta faɗuwa. Suka yarda, don suna ganin na iya lissafi.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ni. Ya faɗi farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, ya faɗi ko an sako ruwa. Maganar ba ta wuce minti biyu. Daga nan sai mu yi shiru, ina jin ƙarar injin ban ruwa ta bayansa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara kashe wayar.